Hutun Yara a Orlando: A Je da Kuɗi a Hannu, Kada a Dawo da Bashi



Da zarar makarantu sun kusa rufewa a ƙasar nan ta Amurka, magana ɗaya ce take yawo a bakin yaranmu bayan an tashi daga sujada: wane ya je Disney, wance ma za ta je, mu yaushe za mu je? Iyaye su yi murmushi, amma kowa ya san lissafin da yake yi a zuci. Yawancinmu baƙi ne a nan, albashinmu kuma yana da masu jiransa a gida tun kafin ya shigo hannu: kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsofaffi, rufin ɗakin da iska ta yaye. Duk da haka ba ma cikin masu cewa kai yara wurin wasa almubazzaranci ne. Yaron da ubansa yake aikin dare, uwarsa take aikin rana, ya cancanci kwana biyu ko uku da zai gan su tare suna dariya, ba mai duban agogo. Matsayinmu shi ne a je, amma da kuɗin da aka riga aka tara, kuma a san inda kuɗin yake zurarewa tun kafin a bar gida.

Bari mu ɗauki Walt Disney World, wanda yake kusa da birnin Orlando a jihar Filorida, gama shi yaranmu suka fi ambata. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1971. Kuɗin shigar babban mutum a lokacin dala 3 da santi 50 ne, wato kimanin dala 27 a kuɗin 2024, ko da yake sai mutum ya sayi wani ɗan littafin tikiti dabam kafin ya hau abubuwan wasa. A 1982 aka daina littafin, aka koma tikiti ɗaya mai ɗauke da kome. A 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom ya haye dala 100. Daga 2018 kuma farashi ya koma bin kalanda, kowace rana da kuɗinta, kamar yadda tumatir yake da farashin kaka da na bazara. A 2025 tikitin yini ɗaya ya kama daga dala 119 har zuwa 199, haraji kuwa ba ya ciki.

Abin da ya fi tsadar tikiti cizo shi ne abubuwan da dā kyauta ne, yanzu sai an biya. Tun 1999 akwai wani tsari mai suna FastPass, wanda yake ba mutum lokacin da zai dawo ya hau abin wasa ba tare da dogon layi ba, ko kwabo ba a karɓa. A 2021 aka soke shi aka kawo na kuɗi. Akwai kuma motar Magical Express da take kwaso baƙin otal ɗin kamfanin daga filin jirgin sama kyauta; ita ma ta tsaya a farkon 2022. Saboda haka ɗan'uwan da ya je a 2015 ya dawo yana ba ku labari, gaskiya yake faɗa, amma lissafinsa ya tsufa. Kada ku gina kasafinku a kansa.

Mu ɗauki gida irin namu: maigida, uwargida, da yara huɗu masu shekara 13, 10, 7 da 2. Ƙaramin ba ya biya, gama yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta. Sauran biyar ɗin, a ce ranar da aka zaɓa tikiti dala 150 ne, dala 750 ke nan. A ɗora harajin sayayya na kashi 6.5 cikin 100, wato kusan dala 49, a ɗora kuɗin ajiye mota, wanda dala 30 ne a 2024. An tasam ma dala 830 a yini guda, ba wanda ya kurɓi ko ruwa, ba a yi maganar masauki ko man mota ba. Wanda ya ninka wannan sau huɗu ko biyar, ya haɗa da jirgi da otal da abinci, zai gane dalilin da ya sa wasu gidaje suke dawowa daga hutu da fuska a murtuke.

A nan ne maganar bashi take shigowa, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami. A 2024 kamfanin LendingTree ya yi bincike a Amurka, ya samu cewa kashi 45 cikin 100 na iyaye masu yara ƙasa da shekara 18 da suka je Disney sun ci bashi domin tafiyar, bashin kuma ya kusa dala 2,000 a kan kowane gida idan aka raba daidai. A shekarun 2023 da 2024 matsakaicin kuɗin ruwa a kan katin bashi a ƙasar nan ya wuce kashi 20 cikin 100. Mu yi lissafin tare. Wanda ya ɗora tafiyar dala 5,000 a kan kati mai ruwan kashi 22, yana biyan dala 150 kowane wata, a watan farko kusan dala 92 daga ciki ruwa ne zalla. Zai yi wata 52 yana biya, wato shekara huɗu da wata huɗu, jimillar abin da zai fitar kuwa kimanin dala 7,800. Yarinyar da take da shekara 7 ranar da aka ɗauki hoton za ta shiga ta 12 kafin a gama biyan hular kunnen ɓeran da ta sa. In kuwa wannan dala 150 ɗin aka riƙa ajiyewa kafin tafiya, a wata 34 an tara dala 5,000 ɗin. Kuɗin da ake fitarwa a wata ɗaya ne, bambancin kawai wanne aka sa a gaba, tari ko tafiya, kuma wannan bambanci ya kai dala 2,800.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Za a ce yara ba sa jira, yau suna son Mickey, gobe sun girma sun ƙi bin iyayensu ko'ina. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma amsarta ita ce a rage girman tafiyar har ta yi daidai da abin da za a iya tarawa a shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kwana biyu a filin wasa da aka biya da kuɗin hannu sun fi kwana shida da za su sa maigida ya ƙara aikin dare na shekara huɗu, domin yaran da aka yi tafiyar saboda su, su ne za su rasa shi a gida a waɗannan shekaru. Mun kuma zauna da ma'aurata da yawa, mun ga cewa faɗan da ake kawo wa fasto da sunan rashin ladabi ko rashin kulawa, in aka tona, sau da yawa takardar banki ce a ƙarƙashinsa. Mu kuwa muna da abin da maƙwabtanmu da dama ba su da shi, wato adashi. Iyayenmu mata da shi suka aurar da 'ya'ya, suka sayi keken ɗinki. Gida goma, kowa dala 200 a wata, kowane wata gida ɗaya ya kwashi dala 2,000, ba ruwa ko na sisi. Mai niyyar tafiya sai ya roƙi a ba shi kwasar da ta zo daf da lokacin sayen tikiti. Abu ɗaya muke roƙo: kada kuɗin hutu ya fito daga abin da aka saba aika wa tsofaffi a gida.

Bayan wannan, babbar ƙofar rage kuɗi ita ce lokacin tafiya. Mafi tsada duka shi ne mako tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, sai makon Ista da hutun bazara na makarantu, sai makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. A waɗannan ranaku mutum yana biyan kuɗi mafi yawa domin ya tsaya a layi mafi tsawo. Mafi sauƙi kuwa ƙarshen Agusta da watan Satumba ne, sai tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu. Ba ma goyon bayan a cire yara daga aji domin a samu rangwame. Amma akwai wata 'yar taga. Makarantun Filorida da Jojiya suna komawa tun farkon Agusta ko kusa da haka, na wajen New York kuwa sai farkon Satumba. Don haka 'yan'uwanmu na arewa maso gabas suna da makonni biyu na ƙarshen Agusta, lokacin da yaran kudu sun koma aji, farashi ya sauka, nasu yaran kuma suna hutu. Sai dai arahar tana da dalili. Zafin Orlando a lokacin yana kai wa digiri 33, ga gumi mai nauyi, ga ruwa da tsawa kusan kowace yamma. Lokacin guguwa ne kuma, wanda yake kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Guguwar Ian ta sa an rufe filayen a Satumban 2022, ta Milton ma haka a Oktoban 2024. Kafin a biya masauki a karanta sharaɗin soke tafiya, a kuma sayi rigunan ruwa na leda a kantin unguwa, domin a cikin filin kuɗinsu ninki ne.

Shekarun yara ma lissafi ne. Yaro mai shekara 2 yana shiga kyauta, gaskiya ne, amma ba zai tuna kome ba, yawancin manyan abubuwan wasa kuma suna da ma'aunin tsawo. Space Mountain, alal misali, sai yaro ya kai inci 44. In dai sau ɗaya gidan zai iya wannan tafiya, gara a jira ƙaramin ya kai shekara 6 ko 7. Tikitin yara na 'yan shekara 3 zuwa 9 ne, daga 10 an zama babba a wurinsu, kuma ragin da ake yi wa yaron bai taka kara ya karya ba, 'yan daloli ne.

A nan dole mu faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Akwai dabarar da ake raɗa wa juna: a sa yaro mai shekara 3 da rabi a keken jarirai, a ce masa in an tambaye shi ya ce shekararsa 2. Akwai kuma masu aron adireshin wani ɗan'uwa domin su sayi tikitin rangwame da aka keɓe wa mazaunan Filorida. Na biyun ma ba ya cika yin aiki, gama ana neman shaidar zama a bakin ƙofa. Na farkon kuwa yakan wuce, shi ya sa ya fi muni. Yaron da muke koya wa gaskiya a makarantar Lahadi, ranar Talata mu da kanmu mu sa masa ƙarya a baki saboda dala ɗari da wani abu, darasin Talatar ne zai riƙe. Wannan ba ya cikin hanyoyin tattalin da muke magana a kai.

Yawan kwanaki kuma, tikitin kwanaki da yawa yana sa kuɗin kowace rana ya ragu, ragin yana ƙaruwa sosai daga rana ta biyar. Kamfanin ya tsara haka da gangan, domin ya san kowace ƙarin rana ƙarin daren otal ne da ƙarin abinci sau uku. Kada arahar rana ta shida ta ruɗe mu. Filaye huɗu ne a wurin: Magic Kingdom, da EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Ba dole a ga duka ba. Akwai ƙarin kuɗi da ake biya mai suna Park Hopper, domin a shiga fili fiye da ɗaya a yini guda. Mai yara ƙanana ba ya bukatarsa, fili ɗaya ma ya isa ya gajiyar da ƙafar babba. Haka nan wanda ya raba kwanakinsa tsakanin Disney da Universal, wanda ya buɗe sabon filinsa Epic Universe a watan Mayun 2025, ya sayi gajerun tikiti biyu masu tsada maimakon dogo ɗaya mai sauƙi. A zaɓi ɗaya. A kuma sa ranar hutu a tsakani, yara su yi iyo a masauki, da yamma a zaga Disney Springs, inda shiga da ajiye mota duk kyauta ne, muddin an riƙe aljihu da kyau, gama kasuwa ce.

Masauki shi ne wurin da gidaje irin namu suka fi samun sauƙi ko shan wuya. Otal ɗin kamfanin masu sauƙin kuɗi, irin su All-Star da Pop Century, suna da amfaninsu: mota kyauta zuwa filayen, ba kuɗin ajiye mota a filin, kuma ana barin baƙinsu su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Ga miji da mata da yara biyu, wannan yana iya zama daidai. Amma ɗakinsu na yau da kullum mutum huɗu yake ɗauka, sai jariri ƙasa da shekara 3. Gidan da muka yi misali da shi ya riga ya wuce, sai dai ɗaki biyu ko babban ɗaki mai tsada. A garuruwan Kissimmee da Davenport kuwa, tafiyar minti ashirin zuwa talatin, akwai gidajen haya na hutu masu ɗaki huɗu ko biyar, da kicin, da injin wanki, sau da yawa har da wurin iyo. Gida biyu ko uku na ikkilisiya su haɗu su kama ɗaya, kowa ya biya rabonsa. Mu da muka tashi a gidan yawa, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sai dai a daidaita maganar kuɗi a rubuce tun kafin a tashi, wa zai biya me, wa ya samu babban ɗaki, domin kada a tafi 'yan'uwa a dawo ba a gaisawa. A kuma dubi jimillar ƙarshe. Harajin masauki a yankin yana tsakanin kashi 12 da 13.5 cikin 100, gidajen haya suna ɗora kuɗin shara, wasu otal kuma suna da kuɗin dole da suke kira na jin daɗin wurin. Tun watan Mayun 2025 dokar tarayya ta tilasta a nuna irin waɗannan kuɗaɗen dole a cikin farashin da aka tallata, amma haraji yana iya zuwa daga baya, saboda haka lambar da take kan shafin biya ita ce abin dubawa.

Maganar mota gajeriya ce. Daga Atlanta tafiyar kamar awa bakwai ce, daga Washington kamar goma sha uku, daga Houston kamar goma sha huɗu. Mutum shida a mota ɗaya kusan kullum sun fi kujera shida a jirgi sauƙi, ga shi ba sai an yi hayar wata motar a can ba. Amma direba biyu, a kuma kwana a hanya in tafiyar ta yi tsawo. Ba a tattalin kuɗin otal da barcin direba.

Sai abinci, inda Allah ya ba mu sa'a. Mutane da yawa ba su san cewa Disney World yana barin baƙi su shiga da abincinsu ba. Abin da aka hana shi ne kwalba ta gilashi, da barasa, da ƙanƙara a warwatse, da akwatin sanyi da ya wuce ƙa'ida. Wuraren sayar da abinci na tsaye kuma suna ba da kofin ruwan sanyi kyauta ga duk wanda ya roƙa. A ce kwano ɗaya da abin sha dala 18 ne a ciki, mutum biyar sau biyu a yini dala 180 ke nan, kwana uku dala 540. Uwargidan da take dafa wa taron Zumuntar Mata abincin mutum hamsin, dafa-dukan mutum shida ba zai gagare ta ba. A yi karin kumallo mai nauyi a masauki, a ɗauki shinkafa da kaza a robobi, da dafaffen ƙwai, da cincin, da gyaɗa, da zoɓo a gorar roba da aka daskarar tun dare, shi ne ƙanƙarar, shi ne abin shan. Amma muna jan kunnen maza a nan. Idan uwargida ce za ta tashi ƙarfe huɗu na asuba ta yi girki, ta yini tana bin yara a rana, ta dawo ta yi wanke-wanke, to ita ba ta je hutu ba, wurin aiki kawai aka sauya mata. A raba aikin, maigida da manyan yara su ɗauki nasu, a kuma ware kuɗin cin abinci a waje sau ɗaya ko biyu domin kowa ya huta. Masu zuwa Universal su lura, dokarsu ta fi tsanani, ruwa da ɗan abin taɓawa kawai suke bari.

Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, wato mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. Kamar da wannan karin magana aka gina tsarin tsallake layi. Ya fara a 2021 da suna Genie+ a kan dala 15 kowane mutum a yini, a watan Yulin 2024 ya koma Lightning Lane, farashinsa yana hawa da sauka bisa ga rana, akwai ma wani nau'insa da ya kai dala 449 ga mutum ɗaya a Magic Kingdom a ƙarshen 2024, ban da tikitin shiga. Ra'ayinmu shi ne talaka ya riƙe wurwurinsa. A isa bakin ƙofa minti arba'in kafin a buɗe, a nufi manyan abubuwan nan biyu ko uku da kowa yake so tun layi bai taru ba, da rana ta take a koma inuwa ko masauki, a dawo da yamma. In za a saya, a saya na yini ɗaya kawai, a filin da ya fi cunkoso. Masu jariri kuma su tambayi ma'aikata tsarin musaya, inda uba zai hau uwa ta riƙe yaro, sa'an nan ita ma ta hau ba tare da ta sake bin layi daga farko ba. Wannan kyauta ne.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutanenmu. A kan babbar hanya ta 192 a Kissimmee da kan International Drive za ku ga rumfuna da alluna suna tallar tikiti a rabin kuɗi. Iri biyu ne. Na farko suna sayar da ragowar kwanakin tikitin da wani ya fara amfani da shi. Dokar Filorida ta haramta wannan ciniki, kuma a bakin ƙofa ana haɗa tikiti da yatsan wanda ya fara shiga da shi, saboda haka ana iya mayar da ku da yaranku a gaban jama'a, mai rumfar kuwa ba zai dawo da ko kwabo ba. Na biyu su ne masu cewa ku zo ku saurari bayani na minti casa'in kawai, a ba ku tikiti da araha. Bayanin na sayen rabo ne a gidan hutu, inda mutum yake biyan dubban daloli domin ya mallaki mako ɗaya a shekara, ya kuma riƙa biyan kuɗin gyara kowace shekara, ko ya je ko bai je ba. Minti casa'in ɗin yakan zama rabin yini, mai talla ya tashi wani ya zauna, kowanne ya fi na baya daɗin baki. Mu kuwa an rene mu da kunya, wanda ya ba mu shayi ya kira mu da girmamawa, yana yi mana wuya mu ce masa a'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shawararmu ita ce kada a shiga ɗakin sam. Wanda kuwa ya riga ya sa hannu, ya sani dokar Filorida ta ba shi kwana 10 ya soke yarjejeniyar, a rubuce, ba tare da tara ba. Kada ya tsaya jin kunyar gaya wa kowa har kwanakin su wuce. Tikiti dai a saye shi daga shafin kamfanin, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, ko ta wurin aiki, gama ma'aikatu da yawa suna da rangwame ga ma'aikatansu, sojoji ma suna da nasu na musamman.

Kayan tsaraba ba su bukatar dogon bayani. A ba kowane yaro kuɗinsa a ambulan tun daga gida, a gaya masa in ya ƙare ya ƙare. Za ku yi mamakin yadda yaron da yake kuka a saya masa kome zai zama mai tsimi da zarar kuɗin nasa ne.

Har wa yau, wa ya ce sai Orlando? Mu bincika zuciyarmu, nawa ne daga cikin wannan buri na yara ne, nawa ne kuma na hoton da za a sa a Facebook da WhatsApp domin a gani a gida. Yaro mai shekara 8 abin da yake so shi ne jirgin wasa mai hawa da gangara, da ruwan da zai jiƙa shi, da iyayensa a kusa. Wannan yana samuwa kusa da yawancinmu, a je da safe a dawo da dare, ba otal. Mutanen Atlanta suna da Six Flags Over Georgia, na Texas suna da na Arlington da na San Antonio. 'Yan'uwa na Maryland sun rasa Six Flags America, wanda aka rufe a watan Nuwamban 2025, amma Hersheypark da Kings Dominion ba su da nisa. A irin waɗannan wurare tikitin intanet ya fi na bakin ƙofa sauƙi ƙwarai, tikitin shekara kuma sau da yawa bai fi kuɗin zuwa biyu ba, sai dai a kula da wanda yake sabunta kansa yana cire kuɗi daga kati kowane wata. Akwai Knoebels a garin Elysburg na Pennsylvania, wanda yake aiki tun 1926: shiga kyauta, ajiye mota kyauta, abin da aka hau kawai ake biya, saboda haka kaka da ta zo kallon jikoki ba ta biyan kome. Akwai Holiday World a Indiana, inda ajiye mota da lemon sha kyauta ne. Dollywood a Tennessee yana gindin duwatsun Great Smoky, gandun da ba a biyan kuɗin shigarsa, sai ɗan kuɗin ajiye mota da aka fara karɓa a 2023. Wanda yake da yaro a aji huɗu na firamare kuma ya nemi katin Every Kid Outdoors, wanda yake shigar da yaron da iyalinsa gandayen gwamnatin tarayya kyauta daga Satumba zuwa Agusta. Gidajen tarihi na Smithsonian da gidan namun daji na Washington ma ba a biyan kuɗin shiga.

Muna da shawara ga dattawa da shugabannin matasa da na Zumuntar Mata. Yawancin filayen nan na kusa suna da farashin ƙungiya, galibi daga mutum goma sha biyar ko ashirin, ikkilisiya mafi ƙanƙanta a cikinmu ma za ta iya cika wannan. A naɗa mutum biyu tun watan Janairu, su rubuta wa fili biyu ko uku su karɓi farashi a rubuce, su tambayi kuɗin hayar babbar mota, a raba jimillar a kan watanni biyar, kowane gida ya riƙa kawo nasa. A cikin lissafin a sa kujerun yaran gwauraye da na iyaye mata masu riƙon gida su kaɗai, a raba kuɗinsu a kan sauran ba tare da an kira sunan kowa a gaban taro ba, gama su ne suke tsaye shiru sa'ad da sauran yara suke ba da labarin hutu. A zaɓi ranar Talata ko Laraba, layi ya fi gajarta, ba a kuma taɓa sujadar Lahadi ba. Masu rubuta wasiƙar su tambaya tun farko ko filin yana da rumfar da ƙungiya za ta zauna ta ci abincinta, domin wasu suna bari a shiga da tukunya, wasu kuwa sai dai a bar ta a mota a fito a ci a wurin ajiye motoci.